Injin kwashe dusar ƙanƙara: Hajiya ta ce almubazzaranci ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana zaune a Laval, kusa da Montreyal ta Kanada, shi da matarsa da yara uku. Kowane wata yana aiko mini da na cefane, bai taɓa fashi ba. Wannan watan ya kira ya ce in yi haƙuri zai rage, wai zai sayi ƙaramin injin kuran mai kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, kuɗinsa ya haura jaka 100 namu na nan. Ni abin ya ɗaure mini kai. Namiji da ƙarfinsa, shekara 47, ya kasa ɗaukar felu ya gyara ƙofar gidansa? Ko dai matar ce ta sa shi? An ce ka zauna can, ka gaya mini gaskiya.
Hajiya, daga Birni, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko ku cire surukarku daga zancen nan, baiwar Allah ba ta da hannu. Na yi aikin wayoyin kuran a yankin da ɗanku yake kafin in dawo gida, kuma duk magidancin da na sani mai ƙofar mota, ko dai yana da injin nan ko yana biyan mai tarakta.

Mu da muka tashi a Damagaram, in an ce sanyi, hunturun Janairu muke tunawa: hazo, kaushi, a hura wuta a tsakar gida. Can lamarin daban ne. A yankin Montreyal dusar da ke zuba a shekara tana kai wajen mita 2 in an tara ta, a birnin Kebek kuwa wajen mita 3, daga Nuwamba har cikin Afrilu. Bari mu yi lissafi a kan ƙofar gida guda. Hanyar da mota ke bi daga titi zuwa garaj, a ce faɗinta mita 3, tsawonta mita 10. Dusa ta kwana tana zuba ta kai santimita 20. In busasshiya ce mai sauƙi, abin da ke kwance a wurin ya kai kilo 600, buhun siminti 12 ke nan. In jiƙaƙƙiya ce, irin ta lokacin da sanyi ya ɗan sassauta, ku ninka sau biyu ko uku. Ita ɗanku zai ɗaga ya jefa gefe bayan sallar asuba, cikin duhu, kafin ya kai yara lekol ya wuce aiki. Jibi kuma ta sake zubowa.

Ni ba bayansa nake ji ba ma, zuciyarsa nake ji. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, hawan jini ya tashi, ga mutum yana riƙe numfashi yana ɗaga nauyi da hannuwa. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga wani nazari a kan bayanan jihar Kebek, inda ɗanku yake, daga 1981 zuwa 2014. An ga cewa washegarin zubar dusa mai kaurin santimita 20, kwantar da maza a asibiti saboda bugun zuciya yana ƙaruwa da wajen kashi 16 cikin 100. Ba a ga wannan ƙarin ga mata ba, masu nazarin kuma felu suka zarga, tun da maza ne suka fi fita da shi. Mai shekara 47 da ke wuni a zaune, ga shinkafa da mai, yana tsakiyar waɗanda ake magana a kansu. Saboda haka, Hajiya, in da ni ya shawarta, cewa zan yi ya saya.

Amma ya sayi wanda ya dace da gidansa, kuma a nan ne mutanenmu suke asarar kuɗi. Ƙaramin na kuran abu ne mai sauƙi: akwatin roba mai taya biyu, a gabansa wani murɗaɗɗen fiffike da ke juyawa da gudu, shi ke kwasar dusar, shi ke cilla ta ta wani bututu da ake juya bakinsa dama ko hagu. Faɗin da yake ci a tafiya ɗaya santimita 45 zuwa 55 ne, zurfin kuma 20 zuwa 25, yana jefawa mita 5 ko 6 in dusar busasshiya ce. Ba ya shan esansi, babu canjin mai, babu jan igiya a sanyi ana addu'a ya tashi. A danna maɓalli, a matse mariƙi, shi ke nan. Nauyinsa bai wuce kilo 15 ba sosai, matar gida ma tana iya tura shi. Kuran kuwa a Kebek daga madatsun ruwa yake fitowa, yana da araha, abin da injin zai sha a lokacin sanyi gaba ɗaya bai kai a yi zancensa ba.

Ku ce masa kafin ya biya ya duba takardar hayar gidan, in haya yake. Akwai gidajen da kwashe dusa yake wuyan mai gida, to ya ajiye kuɗinsa ya aiko muku. Sannan ya dubi daɓen ƙofar. Fiffiken wannan ƙaramin yana shafar ƙasa, in kwalta ce ko siminti lafiya lau, in tsakuwa ce zai riƙa harba ta ga gilashin mota da tagar maƙwabci. Sai nisan wurin daga inda zai jona kuran. Injin yana jan amfiya 13 zuwa 15 a kan bolt 120, yana son waya mai kauri wadda aka yi don waje da sanyi, mai lambar kauri 12 in tsawon zai kai mita 30. Siririyar wayar cikin ɗaki tana ɗaukar zafi, ta rage wa injin ƙarfi, robarta kuma ta sandare ta tsage. Ya fara aiki daga kusa da gida yana nisa, wayar a bayansa kullum, don kada fiffiken ya haɗiye ta.

Abin da mai kanti ba zai gaya masa ba shi ne tudun bakin titi. Motar hukuma mai ture dusa in ta wuce, tana barin wata ganuwa a bakin kowace ƙofa, dusa ce haɗe da gishiri da tsakuwa da dunƙulen ƙanƙara. In aka bar ta ta kwana sai ta daskare ta zama dutse. Ƙaramin injin ba ya iya ta. Ko dai ya fita da zarar motar ta wuce, tun tana da taushi, ya ci ta kaɗan-kaɗan, ko ya farfasa ta da felu sannan injin ya kwashe. Haka ma in an yi sanarwar za a zuba santimita 40, ba ya jira a gama. Ya fita da dare ya kwashe rabi, da asuba ya ƙarasa. Injin na mutum mai himma ne, malalaci gara ya yi kwangila da masu tarakta, waɗanda ke kafa sanduna masu launi a bakin ƙofa su zo su share duk lokacin da ta zuba. Su kuma ɗaruruwan daloli ne kowace shekara, shi ya sa na ce zaɓin ɗanku shi ne mai rangwame. Felun ma kada ya yar. A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun wuta a Kebek, wasu garuruwa suka yi makonni babu kuran.

Saƙo ɗaya kuma ku faɗa masa da bakinku na uwa, don zai fi ji. Jiƙaƙƙiyar dusa tana toshe bututun. In ya toshe, kada ya kuskura ya zura hannu. Ya saki mariƙi, ya zare waya daga bango, ya jira fiffiken ya tsaya cak, sannan ya tsokale da sanda. Yawancin waɗanda injinan nan suka yanke wa yatsu, a wajen buɗe bututu abin ya same su. Yara kuma su koma ciki in yana aiki, domin abin da dusa ta rufe, ko dutse ko abin wasa ko tabarmar ƙofa, injin cilla shi yake yi. Ya kuma zuba a filinsa, hukumomin gari suna cin tarar mai tura dusa kan titi, maƙwabcin da aka cika wa ƙofa kuwa ba zai sake amsa gaisuwa ba.

Wata guda ne za a rage muku, Hajiya, injin kuma in an ajiye shi wuri busasshe yana shekaru. Ku sa masa albarka.

Tambaya: Malam, ni ɗan Zango ne, ina aiki a Minesota ta Amurka. Mai waya zan saya ko mai batir? Wayar ce nake gudu.

Amsa: Ƙanena, wayar tana da ban haushi, ban musa ba, amma ba ta ƙarewa ana tsakiyar aiki. Mai batir, irin na kamfanin EGO mai bolt 56 ko Toro mai 60 ko Greenworks mai 80, yana ba ka 'yancin zagaya mota da bin gefen gida, sai dai kuɗinsa ya ninka na mai waya sau biyu ko fiye, kuma mafi tsada a jikinsa batirin ne. Caji ɗaya yana kai ka kamar rabin awa zuwa minti 45, in dusar ta yi nauyi bai kai haka ba. In ƙofarka ta mota ɗaya ko biyu ce kuma tana kusa da bango, ɗauki mai waya ka huta. In tana da tsawo ko lanƙwasa, ko kana da wasu kayan aiki na kamfani ɗaya da za su yi tarayya a batir, sai ka ɗauki mai batir.

In ka ɗauka, batirin a cikin gida yake kwana, ba a garaj ba. Batirin litiyom yana rasa ƙarfi a sanyi, kuma cajinsa a ƙasa da digiri 0 yana lalata shi daga ciki. In ka gama aiki ka shigo da shi, ka bari ya ɗumama kafin ka ɗora a caja. Da bazara ka ajiye shi da rabin caji. Minesota kuwa sanyinta ba wasa ba ne, in gidan naka babba ne kuma a kwanar titi yake, ka yi tunanin babban injin mai mataki biyu, wanda wani ƙarfe ke tattarowa wata fanka kuma ke cillawa. Tushensa a Kanada ne: Arthur Sicard ya ƙera nasa a Montreyal a 1925, a kan babbar mota, garin Outremont da ke nan yankin Montreyal ya fara saye a 1927.

Tambaya: Ina da garejin gyaran babura a Sabon Gari. Kullum iska na tara mini rairayi a bakin shago. In na sa aka aiko mini da irin injin nan zai kwashe?

Amsa: Maigida, ka ba ni dariya, amma tunanin mai sana'a ne. Ba zai yi ba. Mita ɗaya ta kowane gefe ta sabuwar dusa kilo 100 ce ko ƙasa da haka, ta rairayi kuwa wajen kilo 1,600. Injin zai shaƙe tun a taku na farko, abin da ya samu ya ɗaga kuma zai cinye robar fiffiken, ya shiga boris, ya watsa wa masu wucewa a ido. Sannan an yi shi don bolt 120, kuran NIGELEC kuwa 220 ne, kana jonawa zai yi hayaƙi. Ka sami zana ko ɗan gajeren bango ka tare ɓangaren gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa, sauran yaron shago ya kwashe da felu da baro kafin ku buɗe.