Tambaya da Amsa: Sukarin Inna na faɗuwa cikin dare, zuciyarta na bugawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ina gaisuwa. Mahaifiyata ce ta haura shekara 70, tana da diyabet tana shan Daonil safe da marece. Kwanan nan sai ta riƙa tashi cikin dare jiƙe da zufa, gabanta na dukan uku-uku, hannu na makyarkyata, ran nan munka auna sai 0,58 ya hito. Yayana ya ce ai alheri ne sukarin ya sauka, ni dai hankalina bai kwanta ba. Kuma ba ta barin azumin Litinin da Alhamis. Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lahiya. Ke ce da gaskiya. Duk abin da ya yi ƙasa da 0,70 g/L faɗuwa ce, ba sauƙi ba ne, kuma wallahi ga tsoho tana ba ni tsoro fiye da sukarin da ya ɗan hau.

In sukari ya faɗi jiki sai ya saki wani sinadari mai suna adiranalin don ya ceci ƙwaƙwalwa, shi ke kawo zufar nan da bugun gaba, zuciya ta kama gudu tana neman jini fiye da ƙima alhali jijiyoyinta sun tsufa sun ƙuntata, ga sinadarin potasiyom na raguwa cikin jini ya rikita tsarin bugun, jinin ma ya fi saurin daskarewa. Nan ne ake samun ciwon ƙirji, wani ma zuciyar ta tsaya yana barci. A 2008 wani babban bincike mai suna ACCORD da anka yi kan masu diyabet a Amurka da Kanada sai da aka dakatar da ɓangaren da ake matsa sukari ƙasa sosai, don mace-mace sun hi yawa can.

Daonil kuwa, wato glibenclamide, yana daɗewa cikin jiki balle in ƙoda ta raunana, shi ya sa ba a son shi ga tsofaffi. Ku maida ta likita kar ku jira ranar randebu, ku faɗi lambar nan 0,58, a duba ƙoda a yi mata ECG, wato awon bugun zuciya, a sake lalen maganin. Ku tahi da duk kwalayen maganinta, don irin su atenolol na tansiyo kan ɓoye bugun gaban, zufa kaɗai za ku gani.

In abin ya taso tana cikin hayyacinta, a ba ta sukarin kwali ƙwaya 3 cikin ruwa, a sake awo bayan minti 15, in ya hau ta ci abinci mai riƙe ciki ko tuwo ne ko hura. In ta suma kar a ɗura mata komi a baki, a kwantar da ita ta gefe sai urjans.

Azumin nan nafila ne, ku lallashe ta cikin ladabi ta aje shi tukuna har likita ya gyara maganin. Kuma kar ta kwana da yunwa bayan ta sha na marece.