Shiga NDA bayan sakandare: da gaske ne sai da hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 18 daga jihar Zamfara, na kammala sakandare a bana, kuma tun ina yaro burina shi ne in zama hafsan soja. Na samu kiredit shida a WAEC, sai dai a lissafi fas na samu. Wani mutum a unguwarmu ya shaida wa mahaifina cewa ba a shiga NDA, wato makarantar horar da hafsoshin soja, sai da hanya, kuma idan aka ba shi naira 500,000 zai sa a saka sunana. Yanzu haka Baba yana shirin sayar da shanun nomansa biyu. Don Allah Malam, mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka je ka durƙusa gaban mahaifinka cikin ladabi, ka roƙe shi ya bar shanunsa a turke. Hukumar makarantar da kanta ta sha fitar da sanarwa tana jan kunnen jama'a game da masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi. Yadda irin waɗannan mutane suke cin kasuwarsu sananne ne: su karɓi kuɗin yara goma, idan Allah ya sa ɗaya ya samu da ƙoƙarin kansa sai su ce aikinsu ne, sauran tara kuma a ce musu su yi haƙuri sai baɗi. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka ce mutumin ya ko tambayi sakamakonka ba, alhali fas ɗin nan na lissafi shi kaɗai ya isa ya tsayar da kai a bakin ƙofa.

Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Nijeriya (NDA) da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964 ta soma da ɗalibai 62 a ƙarƙashin malaman soja daga Indiya, ta fara ba da digiri ne tun 1985. Saboda haka jami'a ce kuma bariki ce a lokaci guda, kuma sharuɗɗan shigarta sun haɗa na ɓangarorin biyu. Ana buƙatar kiredit biyar a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, dole Turanci da lissafi su kasance a ciki, sauran kuma su dace da fannin da kake son karantawa. Tunda an yarda da zama biyu, aikinka na farko shi ne ka yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ka sake rubuta lissafi, ka haɗa da sakamakon da ke hannunka. Kaɗan daga cikin kuɗin da ake shirin miƙa wa wancan mutum ya isa ya biya rajistar, har da malamin da zai zauna da kai kullum da yamma.

Bayan nan sai jarrabawar JAMB, inda wajibi ne ka zaɓi NDA a matsayin zaɓinka na farko, sannan ka cike fom ɗin makarantar a shafinta na intanet idan ta fitar da tallar ɗaukar ɗalibai. Makin da aka saba sanyawa shi ne 180 ga fannonin kimiyya da adabi da zamantakewa, 210 kuma ga injiniyanci, amma kada ka ɗauki wannan a matsayin abin da za ka nufa, domin ƙasan tsani ne kawai. Shekarun da aka daɗe ana tallatawa su ne daga 17 zuwa 21, tsayin namiji kada ya gaza mita 1.68, kuma mai nema ya kasance ba shi da aure. Ka karanta tallar shekarar da za ka nema layi bayan layi, domin ita ce hukunci. Wanda ya cika waɗannan zai zauna jarrabawar tantancewa ta makarantar, kuma waɗanda suka yi fice a cikinta ne ake gayyata Kaduna gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja.

A gaban wannan kwamiti ne mafarkin yara da yawa yake tsayawa, kuma galibi a kan abubuwan da tun a gida za a iya ganowa. Na farko takardu. Hafsan da ke tantancewa zai jera takardar haihuwarka, da ta firamare, da ta sakandare, da lambar NIN, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan wata ta ce an haife ka a watan Maris wata ta ce Yuli, ko wata ta rubuta Muhammad Sani wata ta rubuta Sani Mohammed Bello, to ka shiga matsalar da bayanin baki ba zai fitar da kai ba. Mu a ƙasar Hausa muna da sakaci a nan, domin sau da yawa malamin firamare ne yake ƙiyasta wa yaro shekaru ranar da aka kai shi makaranta. Ka ɗauko takardunka yau ɗin nan ka shimfiɗa su a tabarma ka gwada su, abin da ya saɓa a gyara shi ta hanyar doka tun da sauran lokaci. Rage shekaru kuwa kada ka kusance shi, domin ko an shiga da ƙarya, ranar da ta fito korar mutum ake yi.

Na biyu lafiyar jiki. Likita zai sa ka tsaya ka haɗe ƙafafunka ya duba ko gwiwoyinka gwame ne ko sun buɗe kamar baka, ya duba tafin ƙafarka ko shimfiɗaɗɗe ne, ya auna jini da fitsari da ƙirji da ji da gani. Akwai wani littafi mai ɗige-ɗigen launuka da lamba a ɓoye a tsakiya. Yaro yana iya rayuwa shekara 18 bai san ba ya bambance ja da kore ba sai ranar da aka buɗe masa wannan shafi. Ina ba ka shawara ka je babban asibiti a yi maka cikakken gwaji tun yanzu, don ka san matsayinka kafin ka zuba shekara guda a kan wannan buri. Sannan ka fara gudu bayan sallar asuba, kaɗan-kaɗan kana ƙarawa, da motsa jiki na ƙarfafa hannu da ciki, domin gwajin ƙarfi ba a shirya masa a mako biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙofar ƙunci gare ta. Ana raba guraben ne a tsakanin jihohi 36 da Abuja, masu nema dubbai ne, kason kowace jiha kuwa ɗan kaɗan ne. Amma wannan rabo yana nufin da 'yan Zamfara za ka yi takara, kuma a shekarunka kana da damar gwadawa fiye da sau ɗaya. Idan Allah ya ba ka, karatu da abinci da kaki duk gwamnati ce ke ɗauka, har da ɗan alawus. Ɗalibin sojan ƙasa yana yin shekara biyar, huɗu na digiri haɗe da horo, ta biyar ta aikin soja zalla, kafin faretin yaye inda ake maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa. Horon yana da tsanani ƙwarai, musamman a watannin farko, kuma aikin da ke jiran mutum bayansa ka fi ni saninsa, kai da kake zaune a Zamfara. Ka zauna da mahaifiyarka ku yi wannan magana a tsanake, ka nemi yardarta da addu'arta.

Idan kuma ba a dace ba har shekarunka suka wuce, ka yi digirinka a jami'a ka nemi shiga ta gajeren kwas ɗin hafsoshi da rundunonin suke buɗe wa masu digiri. Ka kuma bambance NDA da Defo na Zariya, inda ake horar da kurata, da Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu, wadda karatu a cikinta ba ya mai da ɗalibi hafsa. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka kuma karanta masa wannan amsa da bakinka. Allah ya yi maka jagora.