Amsar Malam Kabir kan kuɗin da ake ba malamai su koma buɗaɗɗun littattafai

(Na rubuto muryar da Malam ya turo daren jiya saboda waɗanda datarsu ba ta kai su sauke ba.)

Assalamu alaikum jama'a. Malama Hajara, na ga tambayarki tun da La'asar, ina hanyar dawowa daga Daura ne. Kin ce kin ji a Amurka ana biyan malaman jami'a kuɗi don su ajiye littafin saye su koma na kyauta, shin gaskiya ne, kuma mu nan Katsina akwai irinsa?

Gaskiya ne, ƙanwata. A 2018 majalisar Amurka ta ware dala miliyan 5 musamman don wannan aikin, jihar Jojiya ma tana da nata shirin da take ba malaman jami'o'inta. Amma ki gane abin da ake biya. Littafin kam yana nan a intanet, kyauta. Kuɗin na wahalar malami ne: ya zauna ya karanta, ya daidaita shi da manhajar darasinsa, ya sake tambayoyin gwaji, ya cire abin da bai shafi ɗalibansa ba. Aikin wata da watanni ne, shi ya sa ake biya.

To wurin da nake son mu tsaya, don na ga ana yawan cakuɗa shi a nan gidan. Ba kowane littafin da ka samu kyauta ne buɗaɗɗe ba. Wannan PDF ɗin da ɗalibai ke tura wa juna, wanda wani ya ɗauki hoton shafukansa, littafin wani ne, haƙƙinsa na nan a kai. Buɗaɗɗe shi ne wanda mai shi ya rubuta izini a jikinsa. Ki duba shafin farko ko na ƙarshe, za ki ga alamar Creative Commons. In kin ga CC BY, an yarje miki ki kwafa, ki gyara, ki fassara, ki raba, sharaɗin kawai ki ambaci mai shi. In akwai NC, ba a yarda ki yi kasuwanci da shi ba. In kuwa kin ga ND, ki dakata, ba a yarda ki canza shi ki raba ba, kuma fassara zuwa Hausa tana cikin canzawa. Tun 2002 aka raɗa wa irin waɗannan buɗaɗɗun kayan karatu suna OER (Open Educational Resources) a wani taron UNESCO, a 2019 kuma ƙasashen da ke cikinta, har da Nijeriya, suka amince da shawarar a bunƙasa shi.

Mu nan, ƙofar da na sani ita ce TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Suna da tallafin mayar da rubutun malami littafi, suna da na bincike a matakin makaranta. Ba a aika musu kai tsaye, ta hannun makarantarki ake bi, ta wurin jami'in da ke kula da harkarsu, kuma makarantun gwamnati ne ke amfana. Ku da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da 'yan'uwanmu na Dutsin-Ma da Daura, kowa ya leƙa ofishin nasu ya tambayi lokacin da ake karɓa. Shawarata, in kin rubuta buƙatar, ki faɗa a fili cewa bayan an buga za ki sa littafin a intanet da buɗaɗɗen lasisi.

Wallahi abin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi, akwai wata ɗaliba da na koyar, daga wajen Mashi take. Zango guda cur tana aron handawut ɗin ƙawarta da dare tana kwafa da hannu, saboda kuɗin da aka ba ta daga gida bai wuce na garin kwaki da kuɗin mota ba. Sai ana gab da jarabawa na sani. Har yau abin na ci mini rai.

Saboda haka ni ban jira tallafi ba. Na ɗauko littafin ƙididdiga na OpenStax, masu fitar da buɗaɗɗun littattafai a Jami'ar Rice ta Amurka, na zaɓi babi huɗu. Misalansu na can ne, ɗalibina bai taɓa ganinsu ba. Sai na sa farashin buhun gero da masara a kasuwar Mai'aduwa, da yawan buhun da gona ke bayarwa daga damina zuwa damina. Ranar da na fara kawo shi aji, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sai ga su suna gardama da ni kan lissafin, don sun fi ni sanin kasuwar. Kuma na matse fayil ɗin ya zama ƙarami, yadda ƙaramar waya za ta buɗe shi ba tare da ta cinye data ba. Ku duba kayan darussan jami'ar NOUN ta karatu daga gida ma, suna shafinsu, kuma don ɗalibin Nijeriya aka rubuta su.

Malama, ki zo da kwamfutarki ranar Alhamis bayan Azahar, ki taho da manhajar darasin da kike koyarwa, mu nemo littafin da ya dace mu duba lasisinsa tare. Duk mai so ya zo, ofis zai ɗauki mutum biyar. Sai da safenku.