Amsa kan tsarin sauya giya na lantarki: wanne ya dace da hanyoyin Kano?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi keken tsere na hannu mai giyar lantarki ta Shimano Di2, wanda ya sayar maka ya gaya maka tana da tsari uku, kuma kana neman sanin wanne za ka riƙe, har ma kana tunanin ko wanda ke sauya giyar gaba da kansa shi ne mafi alheri tunda zai rage maka aiki. Na daɗe ina hawa da irin wannan giya a cikin gari da kan manyan hanyoyin da suka fita daga Kano, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne ka fara da tsari na tsakiya, ka bar cikakken sai ka zauna ka saita shi da hannunka. Ga dalilaina.

Tsarin farko shi ne na hannu zalla, inda madannan hagu ke motsa kaca tsakanin farantan gaba biyu, na dama kuma ke motsa ta a kan haƙoran baya, kamar dai yadda giyar waya take, sai dai a nan ɗan ƙaramin inji ne ke yin turin. Na biyu, wanda yawanci ke zuwa daga kamfani a matsayin S1, kai ne ke sauya gaba, amma da zarar ka yi haka sai baya ta matsa da kanta don ta rage girman tsallen. Na uku, S2, shi ne cikakken Synchro Shift, inda za ka riƙa danna sama ko ƙasa kawai, na'urar kuma ta yanke shawarar lokacin da za a sauka ko a hau babban faranti. Shimano ta fara fitar da Di2 a kekunan tsere a 2009, amma wannan haɗin gaba da baya ya zo ne daga baya, an fara shi a giyar kekunan hawan tsauni ta XTR a 2014 kafin ya iso kan kwalta. Wannan tarihin yana da amfani gare ka tunda na hannu ka saya: idan taka mai haƙora 11 ce a baya, wato mai giya 11 a jere a jikin tayar baya, sai batirin da ke cikinta ya kasance samfurin BT-DN110 kafin S1 da S2 su yi aiki, kuma na ga mutane suna ta danne-danne suna zargin keken ya lalace alhali tsohon batiri ne a cikin bututun sirdi.

Sauya tsarin ba shi da wuya. A mai haƙora 11, madannin sauya tsarin yana jikin ɗan akwatin haɗa wayoyi, a ƙarƙashin kan keke ko a ƙarshen mariƙi. A mai 12, wadda ta fito daga 2021, yana jikin injin baya. Ka danna shi sau biyu da sauri, ka kalli fitila: idan ta tsaya cak kana kan na hannu, ƙiftawa biyu S1, ƙiftawa uku S2.

Abin da ya sa na fi son na tsakiya lissafi ne mai sauƙi. Mu ɗauka farantanka masu haƙora 50 da 34 ne, waɗanda su ne aka fi samu. Idan kana kan faranti mai haƙora 50 a gaba da giya mai haƙora 21 a baya, kowane zagaye ɗaya na feda yana juya tayar baya kusan sau 2.4. Ka sauka kan 34 ba tare da ka taɓa baya ba, sai ya faɗo zuwa 1.6, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi lokaci guda, ƙafarka ta shiga juyawa a banza, wanda ke bin tayarka kuma ya kusa hawa kanka. Duk wanda ya ƙware da giyar waya ya san maganin wannan, yana sauke gaba yana danna baya sau biyu, ya koma 34 da 17, wanda ke ba da 2.0 daidai. To, abin da S1 ke yi ke nan, kuma tana yin sa a tsari ɗaya kullum, ko ka gaji ko ba ka gaji ba. Amfanin da ya fi wannan shi ne ikon yanke shawarar lokacin bai bar hannunka ba. Kai ne ka hango gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, kai ne ka san ko za ka haye ta a babban faranti ko za ka sauka tun daga gindinta.

Cikakken tsarin kuwa ba ya ganin hanya. Abin da ya sani kawai shi ne kaca ta kai wani haƙori da aka gindaya masa, don haka dannawa ta gaba za ta jawo sauyin faranti. A mafi yawan lokuta wannan ba matsala ba ce, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma daga cikin gari zuwa Wudil ko Bichi mutum zai iya yin tafiyar kusan duka a babban faranti, yana wasa tsakanin haƙora huɗu ko biyar na tsakiya, ba tare da sauyin gaba ya taso ba. Amma a nan ne tarkon yake: saboda abin ba ya faruwa kullum, sai ka manta da shi, ya zo maka a daidai lokacin da ba ka so, wato kana tsaye a kan feda a tsakiyar hawan gada, ko ka rage gudu sosai saboda adaidaita sahu ya tsaya a gabanka ba sigina, kana son ka fizga ka fice. Sauyin gaba ya fi na baya nauyi da jinkiri, yana buƙatar ka ɗan sassauta ƙafa, kuma idan ya zo kana danne feda da dukan ƙarfinka za ka ji ƙara, wani lokaci kaca ta yi tsalle. Injin yana da ƙarfin da zai tura ta ko ta halin ƙaƙa, amma haƙora da kaca su ke biyan kuɗin, kuma kowa ya san ba a kowane lungu ake samun kaca mai dacewa da haƙora 12 a garin nan ba.

Wannan bai sa na ce S2 ba ta da amfani ba. A tafiya mai nisa ni kaɗai, musamman lokacin hunturu idan na fuskanci iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas a hanyar Haɗeja, nakan kunna ta, domin gudu yana raguwa a hankali, ba tsayuwar bazata, kuma ba wanda ke manne da tayata ta baya. Haka nan ga wanda bai taɓa hawa keke mai faranti biyu ba, ko wanda ke da rauni a hannun hagu, taimako ce ta gaske. Tana kuma hana karkatar kaca, wato babban faranti da babban haƙorin baya a lokaci guda, abin da sababbin mahaya ke yawan yi. A lokacin ƙura, sa'ad da mai da yashi suka haɗu suka zama kamar garin goge ƙarfe a jikin kaca, tafiya da ita a karkace tana ƙara saurin cinyewarta.

Idan za ka yi amfani da ita, kada ka bar ta yadda ta zo. Ka sauke manhajar E-Tube Project a wayarka, ka haɗa ta da keken. Mai haƙora 12 tana haɗuwa da waya kai tsaye, mai 11 kuwa sai an ƙara mata ɗan abin haɗi marar waya da ake kira D-Fly, ko kuma a jona ta da kwamfuta ta wayar caji. A ciki za ka ga taswirar inda sauyin ke faruwa, kana iya matsar da shi. Ni na tura nawa can kusa da manyan haƙora, don kada keken ya sauke ni daga babban faranti sai da gaske na buƙata, na kuma bar tazara mai faɗi tsakanin inda yake sauka da inda yake komawa sama, don kada ya riƙa kai da kawo idan ina kan iyaka. A nan ne kuma za ka zaɓi yawan haƙoran da baya za ta matsa a S1. Da faranti 50 da 34 biyu sun ishe ni. Idan kana da ƙaramar na'urar nuna gudu irin Garmin da ke magana da Di2, tana iya gargaɗinka cewa dannawa ta gaba za ta sauya faranti, kuma wannan kaɗai yana kawar da rabin matsalar, sai dai a hayaniyar Bata ko Kwanar Dawaki ba lallai ka ji ta ba.

Ga 'yan'uwa masu giyar kamfanin SRAM, wanda ya fito da giyarsa ta lantarki marar waya mai suna eTap a 2015, abin ɗaya ne da wasu sunaye. A manhajar kamfanin mai suna AXS akwai wanda ke gyara baya bayan ka sauya gaba, akwai kuma wanda ke jera giyoyin duka a layi ɗaya. Tun da a can sai ka danna madannan biyu tare kafin gaba ta sauya, wasu sun fi jin daɗin na jeren fiye da masu Shimano, kuma ban ga laifinsu ba.

Abu na ƙarshe da ya shafi tambayarka shi ne caji. Batirin Di2 yana kai kusan kilomita 1,000 kafin ya nemi wuta, amma injin gaba ya fi na baya shan wuta, kuma idan batirin ya yi ƙasa sosai na gaba ne ke fara tsayawa, a bar maka baya ka lallaɓa gida. A wannan hali S1 da S2 duk sun tashi aiki, kana nan a farantin da ka tsinci kanka. Tun da ta USB ake cajin, batirin ajiya na waya ya wadatar idan ba wuta, don haka ka duba fitilar tun da dare idan da asuba za ku fita Tiga ko Bagauda. Idan kuma manhajar ta ce akwai sabuntawa, ka bari sai ranar da ba ka da fita, wayarka cike da caji, domin idan haɗin ya yanke a tsakiya giyar na iya ƙin amsawa har sai an jona ta da kwamfuta.