Ko haruffan ABC za su iya ɗaukar waƙoƙin Turai na da?

Tambaya: Malam, ina koyar da ƙungiyar mawaƙa a cocinmu, kuma na saba rubuta karin waƙa a kwamfuta da tsarin ABC. Na sami hoton wata waƙar coci ta ƙarni na 15, na so in mayar da ita ABC, sai na tarar babu sandunan da ke raba ma'auni, wasu alamomin kuma a manne suke da juna. Shin za a iya faɗaɗa tsarin ya ɗauki irin wannan rubutu?
Daga wani mai karatu a Jos

Amsa: Malam, za a iya, amma wuyar aikin ba a inda ka hango ta take ba.

Chris Walshaw, ɗan Ingila, ya fitar da ABC a 1993 domin rubuta waƙoƙin gargajiya na Yammacin Turai da haruffan da ke kan kowace kwamfuta. Haruffa A zuwa G su ne sautuka, lambar da ke bin harafi kuma ita ce tsayinsa, ta yadda C2 ya ninka C sau biyu a duk inda ya faɗo. Wannan sauƙi ne ya sa tsarin ya karɓu, kuma shi ne ya zama cikas idan aka zo kan rubutun da.

Rashin sanduna ƙaramar matsala ce, domin ƙa'idar ABC ta 2011 ta yarda a rubuta M:none, wato babu ƙayyadadden ma'auni. Tsofaffin jerin sautuka ma akwai su, kamar K:D dor, wato jerin da ake kira Dorian mai farawa daga D, sannan layin V: yana raba muryoyi.

Babbar matsalar tana cikin tsayin sauti. A tsarin da Franco na Kolon ya bayyana a ƙarni na 13, wanda mawaƙan Faransa irin su Philippe de Vitry suka faɗaɗa a ƙarni na 14, alama ɗaya ba ta da tsayi guda tabbatacce, maƙwabtanta ne ke yanke mata. Ɗauki alamar longa, ta dogon sauti, da ƙanwarta brevis, ta gajeren sauti. A ma'aunin da suke kira cikakke, longa tana daidai da brevis uku. Idan brevis ɗaya ta shiga tsakanin longa biyu, sai longa ta farko ta ragu zuwa biyu domin lissafi ya cika uku. Idan kuwa brevis biyu ne suka shiga, sai a ninka tsayin brevis ta biyun, alhali a ido ba ta da bambanci da 'yar'uwarta ko kaɗan. Duk wanda ya rubuta C2 ko C3 a irin wannan wuri ya riga ya yi fassara, ya kuma ɓoye abin da marubucin farko ya zana.

Haka lamarin yake ga alamomin da ka gani a manne, waɗanda siffarsu da inda jelarsu ta fuskanta ke nuna tsayin kowane sauti, da kuma alamomin da aka canza wa launi, ja a ƙarni na 14, baƙi bayan da farin rubutu, wato alamomin da ba a cike cikinsu da tawada, ya yaɗu a ƙarni na 15, galibi domin a rage musu kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu. Akwai kuma sautukan da mawaƙan lokacin ke ɗagawa ko saukarwa kaɗan ba tare da an rubuta ba, saboda horo ya koya musu wurin. Masu gyara na yau sukan ɗora alamar ɗagawa ko saukarwa a saman sautin domin a san tasu ce, kuma ABC yana iya buga rubutu a sama, sai dai kwamfutar ba za ta rera shi ba.

Saboda haka, a ganina, duk faɗaɗawar da za ta yi amfani dole ta ajiye abu biyu ga kowane sauti: siffar da ke cikin littafin asali, da tsayin da mai fassara ya ba ta. Ƙara sababbin alamomi kawai ba zai wadatar ba, kuma ina jin takaicin ganin kwafin da aka cakuɗa hukuncin mai gyara da hannun marubuci har ba a iya rarrabe su. Tsarin MEI, wani tsarin rubuta kiɗa a kwamfuta, ya bi wannan hanya ta ajiye duka biyun, amma rubutunsa yana da tsawo da nauyi. LilyPond, wani shirin kwamfuta na buga kiɗa, yana buga tsofaffin alamomin da kyau, tsarin GABC kuma an yi shi ne musamman domin waƙoƙin Giregori, tsofaffin waƙoƙin coci da ake rubutawa a kan layi huɗu, layukan da ake danganta su ga Guido na Arezzo na ƙarni na 11, wanda daga koyarwarsa do re mi ɗin da mawaƙanka ke karantawa ya samo asali.

Idan burinka shi ne mawaƙanka su rera waƙar, ka mayar da ita tsayin zamani a ABC, ka rubuta a layin N:, wato layin bayani, duk wurin da ka yanke hukunci da kanka, sannan ka ajiye hoton asalin tare da kwafin. Idan kuwa nazari kake so, ko bugun da zai yi kama da na asali, to LilyPond ko MEI za ka nufa.