Nawa zan nema a kan kula da kyanwoyi uku, kare da aku?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Wani Alhaji a Malali zai tafi Umara da iyalinsa na mako biyu, ya ce in riƙa zuwa ina kula masa da kyanwoyi uku, karen gadi ɗaya da aku. Ya ce in faɗi kuɗina. Kowace dabba zan sa wa farashi in tara, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ƙirga kawunan dabbobi. Abin da Alhaji zai biya shi ne zuwanka, lokacinka, da haɗarin da ka ɗauka. Ko kyanwa ɗaya ce a gidan, dole ka hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa Malali ka dawo, kuma don sun zama uku kuɗin hanya ba zai ƙaru ba. Idan ka ninka farashi sau biyar ka cuce shi, idan kuma ka karɓi kuɗin dabba ɗaya kai ka cutu.

Fara da kuɗin hanya, ka ware shi daban. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, shi ne ke cinye ribar irin wannan aiki. Gidan da ke da kare yana buƙatar zuwa sau biyu, safe da yamma, musamman a zafin Maris da Afrilu da ruwan sha ke saurin ƙarewa.

Sai lokaci. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne a wata. Raba shi a kan kwana 22 na awa takwas, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. Ƙasa da haka bai dace ba, ni a ganina ma ka ninka shi, domin makullin gida za a damƙa maka, amana ce.

A nan ne dabbobin suke bambanta. Kyanwoyi uku aikinsu bai fi na ɗaya da yawa ba: abinci, ruwa, kwashe kashi daga kwanon yashi. Sai fa idan ba sa shiri, ko wata na shan magani, to nan dole a raba musu wurin ci, kuma duk wanda ya taɓa ɗura wa kyanwa ƙwaya ya san wannan aiki ne mai farashin kansa. Aku minti goma ya ishe shi. Karen shi kaɗai ya fi sauran huɗun nauyi: wanke kejinsa, sakinsa ya motsa jiki, mayar da shi, ga shi an horar da shi ne ya ƙi baƙo, kai kuwa baƙo ne a wurinsa.

Misali kawai: a ce zuwa da dawowa naira 1,500 ne, sau biyu 3,000. Awa biyu a rana a kan 800, ya zama 1,600. Jimla 4,600 a rana, kwana 14 kuma 64,400. Sa ainihin kuɗin hanyarka ka sake lissafin. Idan Alhaji ya ce ka riƙa kwana a gidan, kuɗin Keke ya ragu, amma gadi ya shigo ciki, sai a sake magana.

Na san halinmu, kunya za ta sa ka ce "ko nawa aka ba ni, Alhaji". Kada ka yi. Rubuta masa lissafin a WhatsApp, ka nemi rabi kafin tafiya. Abincin dabbobi da kuɗin magani nasa ne, ya bar su tare da lambar likitan dabbobin da ke duba su. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, a kai ta asibiti ba jira, don haka ku daidaita tun yanzu nawa za ka iya kashewa ba tare da ka kira shi a Makka ba.

Kafin ka amsa aikin, nemi ganin katin rigakafin haukan kare, wanda a nan duk shekara ake sabuntawa, kuma ka je ka ba karen abinci a gaban maigidan kafin ya tafi. Idan babu katin, ka ce a yi allurar tukuna, ko a nemi wani ya kula da karen, kai ka tsaya a kan kyanwoyi da aku, ka rage kuɗin daidai da haka.