Tambaya da Amsa: Shin tiyatar ƙwaƙwalwa tana raba mutum da farfaɗiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 19 yana fama da farfaɗiya tun yana ƙarami. An canja masa magani sau uku, amma har yanzu tana kayar da shi kusan kowane wata. Wani ɗan'uwanmu ya ce ana yin tiyata a ƙwaƙwalwa a rabu da ita. Gaskiya ne?
Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Gaskiya ne, sai dai ba kowane mai farfaɗiya ake yi wa ba. Tiyatar ta fi amfanar wanda ciwonsa ke tasowa daga wuri guda, musamman ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne, inda akan samu tabo, kuma sai an tabbatar cewa cire wurin ba zai taɓa magana ko motsi ba.

A wani bincike da aka wallafa daga Kanada a 2001 kan mutum 80 masu irin wannan ciwo, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun shekara ba tare da farfaɗiya mai gusar da hankali ba, alhali cikin masu shan magani kaɗai kashi 8 ne suka samu haka. Amma takan dawo wa wasu, domin wani binciken da aka wallafa daga Landan a 2011 ya nuna kusan rabi ne suka kai shekara goma ba ta dawo ba. Wasu kuma sukan samu mantuwar kalmomi, musamman idan an yi aikin a hagu, ko raguwar gani ta gefe. Shan magani ma ba ya tsayawa nan take.

A ƙa'idar likitoci, idan magunguna biyu da suka dace suka gaza, ya kamata a duba yiwuwar tiyata, don haka a ganina ɗanki ya cancanci a bincike shi. Amma ki fara tabbatar da cewa yana shan maganin a kan lokaci, domin sau da yawa magani kan ƙare a gida a jira sai kuɗi sun samu, a ce ya gaza.

Ki nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, ki tambaye shi batun hoton MRI (mai nuna cikin ƙwaƙwalwa) da gwajin EEG (mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa). Idan farfaɗiyar ta tashi, ku kwantar da ɗanki ta gefe, wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin yadda take farawa yana taimaka wa likita gane inda take fitowa.